Me Ya Sa Har Yanzu Muke Jin Muryar Shata?

Babu ko ɗaya daga cikinmu da aka haifa lokacin da Alhaji Mamman Shata yake raye, amma duk mun san muryarsa. Muna jin ta a cikin Adaidaita Sahu, muna jin ta a shagon tela da wajen mai shayi a nan Gyaɗi-Gyaɗi. To ta yaya take zuwa mana?

An haifi Shata a Musawa ta jihar Katsina a 1923. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wato wannan asibitin da muke wucewa ta gabansa a kan titin Zariya. A Daura aka binne shi.

Abin da muke ji yau, ɗauka ce da aka yi tun yana da rai. Wasu waƙoƙin an ɗauke su a gidan rediyo ko don faifan garmaho. Wasu kuma a wurin wasa aka ɗauke su, yana tsakiyar jama'a, kuma su ne suka fi mana daɗi. In ka kasa kunne sosai za ka ji kalangu, ka ji 'yan amshi, ka ji maroƙi yana sanar da kyautar da wani ya yi, wani lokaci har da hayaniyar 'yan kallo. Shata ba ya karanta waƙa daga takarda. Yana ganin mutum ya shigo fili sai ya saka shi a ciki. Shi ya sa waƙa ɗaya kamar Bakandamiya za ka same ta kala-kala, wata doguwa, wata gajeruwa, sunayen ciki ma ba iri ɗaya ba. Kowace ɗauka tana riƙe da wata rana guda da ba za ta sake dawowa ba.

Daga faifai aka koma kaset, daga kaset zuwa sidi, yanzu kuma memori. Mutum zai je kasuwar waya ta Farm Centre a nan Tarauni, ya biya kuɗi kaɗan a tura masa waƙoƙin Shata tuli guda.

Amma a nan matsalar take. Duk kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset, sautinsa raguwa yake. Wasu waƙoƙin an yanke farkonsu, wasu an yanke ƙarshensu. Sau da yawa sunan da ke kan wayar bai wuce "Shata 1" da "Shata 2" ba. Ba shekara, ba gari, ba sunan wanda ya yi taron.

A Amurka akwai wani mawaƙi mai suna Elvis Presley da ya mutu a watan Agusta 1977. Bayan wata biyu aka fitar da faifan wasan da ya yi a gaban jama'a a watan Yuni na shekarar, kuma har yau an san ranakun da garuruwan da aka ɗauka. A ganinmu Shata bai kamata ya kasa samun irin wannan gata ba. Akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, kamar Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka rubuta littafin Shata Ikon Allah a 2006. Sai dai dattawan da suka halarci wasannin da kansu, waɗanda za su iya jin kaset su ce a gari kaza aka yi wannan, kullum raguwa suke.

Don haka ƙungiyarmu ta 'yan jarida tana roƙon duk wanda akwai tsohon kaset ɗin Shata a gidansu ya kwafo abin da aka rubuta a jikinsa, ya kuma tambayi kakansa ko ya san inda aka yi wasan. Kada dai a ɗauko kaset ɗin ba da izini ba! A kawo mana takardar ranar Alhamis lokacin tara, za mu liƙa abin da muka samu a wannan allo.