Giya, hanta da ɗan dako mai suna asfatet

 Yau maganar giya za mu yi. Na san wani zai ce ai a Jigawa Hisba na kamawa, me ya kawo zancen? To, daga Unguwar Ya har Gwaram akwai samarin da ke sha a ɓoye, ita kuwa hanta ba a ɓoye mata.

Asfatet ɗaya ne daga cikin ƙananan sinadarai 20 da jiki ke gina furotin da su. Akwai shi a wake, nama da ƙwai, jiki ma yana haɗa nasa. Amma a hanta har dako yake yi.

Ga yadda abin yake. In mutum ya sha giya, hanta ce ke narkar da mafi yawanta, kuma wannan aikin yana tara wani sinadari da ake kira NADH. Dole ƙarfin da ke cikinsa ya shiga ɗakin da ƙwayar hanta ke samar da kuzari, sai dai shi kansa ba ya iya ratsa bangon ɗakin. Sai a yi musaya: wani sinadari mai suna malet ya shiga da kayan, asfatet ya fito, a sake juya shi ya koma malet, ya ɗauki sabon kaya.

In giya ta yi yawa, kaya sun fi ƙarfin 'yan dako. NADH ya taru, hanta ta rage ƙona kitse, kitsen ya kwanta a cikinta. Ta kuma rage haɗa sukari. Nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Wanda ya sha da yunwa sukarinsa kan faɗi har ya sume, abokai su ce maye ne, a bar shi ya yi barci. Don Allah kar a bar shi, a kai shi asibiti.

In ka taɓa gwajin hanta, a ce a asibitin tarayya na Birnin Kudu, duba takardar za ka ga AST da ALT. Haruffan farko na AST daga sunan asfatet suka fito, kuma shi ne ke juya asfatet a musayar nan. In ƙwayoyin hanta suka ji rauni sai ya zubo cikin jini. AST ya ninka ALT sau 2 ko fiye, likita kan yi zargin giya. A ciwon hanta nau'in B kuwa galibi ALT ne ke sama.

Amma fa kar ka ga takardar ɗan'uwanka ka yanke masa hukunci. Akwai AST a tsoka da zuciya, wanda ya wuni yana huɗa ma nasa zai iya hawa.