Jifa mai nisa a ƙwallon jami'o'in Amurka: ranar da ta yi wa Tennessee, da inda ta tsaya

Idan kana cikin masu hana ido barci don kallon Super Bowl, ko kana yawan cin karo da guntayen bidiyon ƙwallon Amurka a TikTok, to ka san wanda ya fi yawo: mutum ya ja da baya, ya wurga ƙwallo sama, ta yi tafiyar yadi hamsin, wani ya cafe a guje ko rage sauri bai yi ba. Kyan gani kam akwai. Abin da kociyoyin jami'o'in Amurka suka daɗe suna ja-in-ja a kai shi ne, ko ƙungiyar ɗalibai za ta iya ɗora wasanta kacokan a kan wannan jifar.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma, yadin nan dai da ka sani a wajen tela. In ta ci a ƙara mata huɗu, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ko dai a rungumi ƙwallo a ruga da ita, ko mai jifa, wanda suke kira kwatabak, ya wurga wa mai cafewa. Ƙatti biyar ne ke tsaye a gabansa suna tare masu son kayar da shi. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Don Coryell ya horar da jami'ar San Diego State daga 1961 zuwa 1972, ya ci wasa 104, aka doke shi sau 19 kacal. Manyan jami'o'in Kalifoniya irin su USC da UCLA ne ke kwashe ƙattin 'yan wasa, shi kuwa sai ya nemi masu hannu da masu gudu, ya riƙa bi ta saman kawunan waɗanda ba zai iya turewa ba. Ka ga ke nan tun asali dabarar marar ƙarfi ce.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne jami'ar Tennessee. Josh Heupel ya karɓi ƙungiyar a Janairun 2021 tana cikin wani hali, ya zo da salon da ya samo tushe daga abin da Art Briles ya yi a Baylor. Faɗin fili ya ɗan haura yadi 53. Sai Heupel ya tura masu cafewarsa can bakin layi, dama da hagu, kamar sun yi faɗa da sauran 'yan ƙungiyar. Dole masu tsaro su bi su, tsakiya ta yi fayau. Daga nan mai gadin baya ya shiga gaba kura baya siyaki: in ya matso don tare mai gudu da ƙwallo, a wurga ta bayansa, in ya tsaya can nesa, a ruga ta tsakiya. Ga kuma sauri. Da an kayar da mutum sai a sake jeruwa nan take, masu tsaro ba su samu sun canza ɗan wasa ko sun yi shawara ba.

Ranar 15 ga Oktoban 2022 abin ya kai ƙololuwa. Alabama ta Nick Saban ta zo birnin Knoxville bayan ta doke Tennessee sau 15 a jere. Mai jifa Hendon Hooker ya sami Jalin Hyatt sau shida, biyar daga ciki suka ƙare a ƙarshen fili, har da ta yadi 60 da ta yadi 78. Aka tashi 52 da 49. Rabon da a zura wa Alabama maki masu yawa haka tun 1907. 'Yan kallo suka cika fili, suka tumɓuke turakun gola suka kai kogi suka jefa, hukumar gasar ta ci jami'ar tarar dala 100,000, babu wanda ya damu. A kakar nan Tennessee ce ta fi kowace babbar jami'a cin maki, kimanin 46 a kowane wasa.

In ka tsaya nan za ka ce an gama magana. To dakata, mako uku kawai aka ƙara.

Ranar 5 ga Nuwamba suka je gidan Jojiya suna matsayi na ɗaya a jadawalin shiga gasar ƙarshe. Jojiya tana da abin da yawancin jami'o'i ba su da shi: masu tsaron da za su iya bin mai cafewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da taimako ba, da ƙattin da ke ratsa layi. Jifa mai nisa tana buƙatar lokaci. Kafin mai cafewa ya ci yadi arba'in, dole mai jifa ya tsaya da ƙwallo a hannu na daƙiƙa uku ko fiye, kuma a wannan wasa daƙiƙa uku shekara ce. Sau shida aka kayar da Hooker da ƙwallo a hannu. Ihun 'yan kallo ya hana ƙattinsa jin umarni, suka yi ta motsawa kafin lokaci ana mayar da su baya, daga baya ruwan sama ya sauko. Aka tashi 27 da 13, kuma sai dab da tashi Tennessee ta kai ƙwallo ƙarshen fili, sau ɗaya tak.

Mako biyu bayan haka wani raunin ya fito. Ƙungiyar da ke ci cikin minti ɗaya, ko ta ɓarar da damarta cikin minti ɗaya, masu tsaronta ba sa hutawa. Tennessee na cikin waɗanda suka fi ƙarancin riƙe ƙwallo a ƙasar. Karolina ta Kudu ta zura musu 63, su suna da 38, kuma a wasan ne jijiyar gwiwar Hooker ta tsinke. Sun dai ƙare kakar da nasara 11 da rashin nasara 2.

Akwai abubuwan da suka bambanta wasan jami'a da na ƙwararru a NFL, kuma ba duka ne ke goyon bayan mai jifa ba. Layukan da ake ajiye ƙwallo a kai sun fi nisa da juna a jami'a, ƙafa 40, a NFL kuwa ƙafa 18 da rabi, don haka ɓangare ɗaya na fili kan zama fegi guda ga mai gudu. Mai cafewa a jami'a ƙafa ɗaya ya isa ya taka a cikin fili, ba biyu ba. Waɗannan riba ce. Amma duba wannan: a NFL, in mai tsaro ya riƙe mai cafewa a yadi hamsin, nan za a kai ƙwallo. A jami'a hukuncin ba ya wuce yadi 15. Mai tsaro mai wayo in ya ga an wuce shi sai kawai ya cakumo rigar mutum, ya biya 15 ya hana shida. Sannan dokar NCAA ta ƙayyade awa 20 a mako na atisaye da wasa, tunda a takarda dai ɗalibai ne. Jifar da za a saki tun mai cafewa bai waiwayo ba tana son sabo na watanni. Shi ya sa Heupel ya rage yawan dabarun, ya bar wa mai cafewa zaɓi: in an matse ka wuce, in an ba ka fili ka tsaya.

Babbar matsalar kuwa, a ganina, mutane ne. Ƙungiyar ƙwararru na iya riƙe mai jifa shekara goma. A jami'a da yaro ya nuna, ya tafi. Hooker yana da shekara 24 a 2022, ya sha gwagwarmaya a Virginia Tech kafin ya zo, kuma a kakar nan jifarsa 27 ta ba da maki shida-shida, sau 2 kawai abokan karawa suka cafe masa. Da kaka ta ƙare, shi da Hyatt da Cedric Tillman da ƙaton da ke tsare masa dama, Darnell Wright, duk suka wuce NFL.

Wanda ya gaje shi, Joe Milton, ya fi shi ƙarfin hannu nesa ba kusa ba, har bidiyon jifarsa ake yaɗawa don mamaki. Sai dai ƙwallon kan wuce kan mai cafewa, kuma yadi biyu a sama da hannu daidai yake da ba a jefa ba. Koci ɗaya, salo ɗaya, amma a 2023 makin ya sauko zuwa wajen 32 a wasa, aka ƙare da 9 da 4. Wannan shi ne abin da bidiyon TikTok ba ya nuna maka: saiti da saurin yanke shawara su ne jarin, ƙarfin dantse ƙari ne kawai.

Wani abin da zai ba ka mamaki, ko a 2022 ɗin, yawan gudun da Tennessee ta yi da ƙwallo ya fi yawan jifarta. Jifar nesa barazana ce da ke korar masu gadi baya don a samu hanya a ƙasa, gudun kuma shi ke jawo su gaba don a samu sarari a sama. A 2024, lokacin da suka shiga gasar ƙarshe ta ƙungiyoyi 12, ba hannun Nico Iamaleava ne ya kai su ba. Ƙafafun Dylan Sampson ne, wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau 22 da gudu, da kuma tsaro mai tsauri. Can ma Ohio State ta tare su cikin sanyin Disamba da 42 da 17.

To ta dace ko ba ta dace ba? In jami'a tana da ƙattin da za su saya wa mai jifa daƙiƙa uku, da mai gudun da ake tsoro, da mai jifan da ya kwana biyu a tsarin, ni ina ganin babu makamin da ya fi wannan saurin cike tazara tsakaninta da manya. In ɗaya ya ɓace, musamman na farkon, gara ta koma gajerun jifa ta riƙa tsinta yadi biyar-biyar. Kocin da ya ga wasan Alabama ya ce shi ma haka zai yi, ya fara duba ƙattinsa biyar kafin ya duba hannun yaronsa.

Kuma riƙe mai jifan ma ya ƙara wuya. Tun 2021 ɗalibai na iya karɓar kuɗi da sunansu, sauya jami'a kuma ya zama ruwan dare. A Afrilun 2025, bayan shekara biyu yana koyon tsarin Heupel, Iamaleava ya tattara ya koma UCLA. Tennessee ta ɗauko Joey Aguilar, wanda bai fi 'yan watanni da isa UCLA ɗin ba, aka fara koya masa daga farko saura wata huɗu a shiga kaka.