Kafin Ka Sayi Ma'aunin Hawan Jini, Auna Damtsenka

Yanzu an kai zamanin da mutum zai shiga babban kantin magani a Bosso ko Tunga ya tarad da na'urar auna hawan jini iri iri jere a kan kanta. Da yawa cikin malamai da ma'aikatan kwalejin nan suna sha'awar saye, waɗansu don kansu, waɗansu don tsofaffinsu da ke ƙauye nesa da asibiti. Wannan niyya ce mai kyau, gama hawan jini ciwo ne mai sanɗa. Mutum yana harkokinsa garau, ba jiri ba ciwon kai, sai ran nan a ji ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙodarsa ta lalace. Amma fa ma'aunin da ke faɗin ƙarya yana iya sa mai lafiya shan maganin da ba ya bukata, ya kuma kwantar wa marar lafiya hankali har aikin gama ya gama.

Da fari mu san abin da ake aunawa. Lamba biyu na'urar ke nunawa, alal misali 120/80. Ta sama ita ce ƙarfin da jini ke tunkuɗar jijiya sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. In a asibiti aka yi ta samun 140/90 ko fiye a ranaku dabam dabam, to, hawan jini ne. A gida kuwa iyakar 135/85 ce, domin mutum ya fi sakin jiki a ɗakinsa bisa ga gaban likita.

Wani likita Ba'italiye, Riba-Rochi, shi ya ƙago dabarar naɗa ɗamara a damtse a hura mata iska, cikin 1896. A 1905 wani likitan Rasha, Korotkof, ya ƙara da sauraron bugun jijiya da kunne. Na dā mai zaiba cikin kwalba ana ta janye shi a duniya tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, saboda zaiba guba ce. Mai allura kamar agogo yana nan, amma sai wanda ya koyi saurare, kuma in ya faɗi ƙasa allurar takan karkace ba a sani ba. Saboda haka na gida sai mai batir, wanda ke hura kansa ya rubuta lamba. A cikinsu ma ka ɗauki na damtse. Na wuyan hannu yana da ban sha'awa, ga shi ɗan ƙarami, amma da hannu ya ɗan sauka ko ya ɗaga daga daidai zuciya sai lamba ta sake.

To, ga inda akasarin masu saye ke tuntuɓe. Su dubi akwatin, su dubi hasken gilashi, wani ma har ya ji daɗi don na'urar tana magana, amma ba mai duban ɗamarar. Alhali kuwa ɗamarar ita ce rabin aikin. In ta yi wa damtse kaɗan, sai an cika mata iska fiye da kima kafin ta danne jijiya, sai na'ura ta ba da lamba sama da gaskiya. In ta yi yawa, lamba ta faɗi ƙasa da gaskiya. A 2023 likitocin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gwada, suka ga in an sa wa mai ƙaton damtse ƙwarai ɗamara matsakaiciya, lambar sama takan ƙaru da kusan 20. Watau wanda jininsa yake 125 sai a ce masa 145, ya koma gida da zullumi da ƙunshin magani.

Maganin wannan kuwa ba ya cin ko kwabo. Ka ari tef ɗin tela, ka auna kewayen damtsenka a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Matsakaiciyar ɗamara yawanci ta santimita 22 zuwa 32 ce, babba 32 zuwa 42, akwai kuma mai ɗaukar 22 zuwa 42 gaba ɗaya, wadda ta fi dacewa in maigida da uwargida duk za su yi amfani da ita. A jikin ɗamarar ake rubuta awon. In tsohuwarka za ka saya wa, nata damtsen za a auna, ba naka ba.

Sa'an nan sai batun gaskiyar na'urar kanta. Ba duk wadda ke kasuwa ce aka jarraba a kan mutane aka tabbatar ba. Akwai jerin waɗanda suka ci jarrabawa a shafin intanet na STRIDE BP. Kada sunan kamfani ya ishe ka, ko Omron ne ko Microlife. Ka dubi lambar samfurin da ke jikin kwali, ka neme ta a jerin tun kana tsaye a kantin. Mace mai ciki, da wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, su tambayi likita tukuna, don ba kowace na'ura ke yi musu daidai ba. Bayan ka saya, ka tafi da ita Babban Asibitin Minna ko ɗakin shan magani na kwaleji, a auna ka da tasu da taka a zama ɗaya a gani. Ka riƙa maimaita haka shekara shekara, gama zafin bazara da ƙurar hunturu suna busar da robar bututun har ta tsage. Mai cin batir irin na rediyo ya fi, tun da ba kullum wuta ke nan ba.

In za ka auna, ka bar goro, taba da kofi na rabin sa'a, ka yi fitsari, ka zauna shiru minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu bisa tebur daidai zuciya, ɗamara a kan fata ba kan riga ba. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma har kwana 7, kana rubutawa cikin littafi, ka kai wa likita. Kada ka rage magani ko ka ƙara don abin da na'ura ta nuna. In ka ga 180/120, ka huta kaɗan ka sake. In bai sauka ba, ka nemi likita a ranar. In kuwa da ciwon ƙirji, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, to, a nufi asibiti nan take.