Matuƙin jirgin mishan: wa'azi yake yi ko tuƙi?

Wani mai sauraronmu daga Kafanchan ya aiko da takarda, ya ce ya ji dattawa suna ba da labarin wata Baturiya da ta riƙa tuƙa ƙaramin jirgin 'yan mishan a ƙasar nan tun zamanin Turawa. Yana so ya san ko gaskiya ne, wace ce ita, me ya raba ta da gida, kuma wa ke biyan irin waɗannan matuƙa.

To Malam, dattawan nan ba tatsuniya suka yi maka ba. Bisa ga dukkan alamu Betty Greene suke nufi, Ba'amurkiya da aka haifa a birnin Siyatil a 1920. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana cikin matan da suka yi wa sojan saman Amurka aikin tuƙi, ba a fagen daga ba, a cikin gida. Ana cikin yaƙin ta rubuta wata maƙala a mujallar Kirista, ta yi bayanin yadda jirgin sama zai iya taimaka wa aikin bishara. Wani matuƙin sojan ruwa, Jim Truxton, ya karanta ya neme ta. A 1945 suka kafa ƙungiyar da daga baya aka sani da MAF, wato ƙungiyar jiragen mishan.

Ita ce ta yi wa ƙungiyar tashin farko, a Fabrairun 1946, inda ta kai wasu ma'aikatan fassarar Littafi Mai Tsarki su biyu ƙasar Meziko a wani tsohon jirgi mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Daga nan sai Peru, inda ta ƙetare duwatsun Andis, abin da ake cewa ba macen da ta riga ta yi. A farkon shekarun 1950 ta zo Nijeriya ta yi wa mishan ɗin SIM aiki, wanda cibiyarsa ke Jos, wanda kuma ikilisiyar ECWA ta fito daga gare shi a 1954. Bayan nan ta yi Sudan da Niyu Gini, ta bar tuƙin mishan a 1962. Ba ta yi aure ba har ta rasu a 1997.

Game da wa'azi kuwa, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Matuƙin jirgin mishan ba fasto ba ne, kuma da wuya ka gan shi kan mumbari. Da asuba yana filin jirgi da ma'auni, yana auna buhun gishiri, akwatin allura, fasinja ma sai ya hau sikeli. Ƙaramin jirgi ba ya yafe ƙarin nauyi, balle filin da zai sauka wata 'yar fili ce da mutanen ƙauye suka share da fartanya, wani lokaci da awaki a kai. Ya duba mai ko ruwa ya shiga, ya duba hadari, ko hazon hunturu idan a ƙasarmu ne. Da yawansu kuma su ne makanikan jiragensu.

Ina imanin yake ke nan? Su dai suna ɗaukar wannan taka-tsantsan a matsayin ibada. Suna addu'a kafin tashi, amma addu'ar ba ta sa su tashi cikin hadari. Abu mafi nauyi a aikin shi ne ranar da aka kira ta wayar iska aka ce ga mace naƙuda ta yi mata gardama, matuƙi ya dubi sama ya ga ba hali, ya ce sai gobe. A ganinmu nan ake gane mai aikin Allah da mai neman suna, domin wanda ya yi ganganci ya faɗi, ya hallaka mai jinya da kansa, ya kuma bar sauran ƙauyuka ba jirgi.

Duk da haka akan rasa rai. Ran 8 ga Janairu 1956, mutanen Wawrani a dajin Ekwado suka kashe matuƙin MAF Nate Saint da abokan aikinsa huɗu da māsu, a bakin kogin da ya saukar da jirginsa. A 1958 'yar'uwarsa Rachel ta je ta zauna cikin waɗannan mutane, tare da matar ɗaya daga cikin mamatan.

Batun kuɗi kuma, Malam, ba albashin kamfanin jirgin fasinja ba ne. Galibi kafin mutum ya tafi sai ya zaga coci-coci da gidajen abokai a ƙasarsu, ya samu masu alkawarin ba da wani abu kowane wata. Da wannan yake ci, da shi yake biyan makarantar yara, shi ya sa yakan riƙa rubuta musu wasiƙa yana ba da labarin aikin, kuma bayan 'yan shekaru ya koma gida hutu ya sake zagayawa.