Kafin a sa yaro a jirgi shi kaɗai

Hutun makaranta ya zo, kaka na can Kano tana ta aike a kawo mata jikanta, uban kuwa aiki ya riƙe shi. Sai wani ya ce, "A sa shi a jirgi mana, ai ya yi wayo." Faɗar da sauƙi. Amma jirgin sama ba motar tasha ba ce, da za a damƙa yaro ga direba a ce ga amana nan.

Kowane kamfani da dokarsa. Emirates da Qatar Airways suna karɓar yaro daga shekara 5, kuma har zuwa 11 dole a yi masa rajistar yaron da ba shi da rakiya. British Airways kuwa tun 2018 ba ta ɗaukar wanda bai kai 14 ba shi kaɗai. Don haka a tambaya kafin a sayi tikiti, in da hali kuma a zaɓi jirgin da ba ya ya da zango.

Akwai fom da ake cikewa da sunan mai kawo yaron da na mai tarbarsa. Nan mutanenmu ke yawan yin sakaci. An rubuta sunan kawu, ranar sauka kawu ya turo direbansa. Ba za a ba direban yaro ba, ko zai kwana yana rantsuwa, sai wanda aka rubuta ya zo da katin shaidarsa. Kai mai rakiya, kada ka bar filin jirgi sai ka tabbatar jirgin ya tashi, don akan soke tashi bayan fasinjoji sun zauna.

Babban aikin dai yana wajen yaron. Mun rene shi da kunya, mun koya masa kada ya buɗe baki gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau, amma a cikin jirgi tana iya sa shi ya matse fitsari awa huɗu, kansa a sunkuye. Zaunar da shi ka ce masa: waɗannan masu yunifom domin kai suke, in kana jin ƙishirwa, ko amai, ko ban-ɗaki, danna maɓallin kira. Gaya masa kunnensa zai toshe lokacin sauka, ya tauna cingam ko ya riƙa haɗiyar yawu. In jirgi ya yi girgiza, ya ɗaure bel kawai, kamar mota ce a hanya mai gargada.

Sai batun saƙo. Mun saba a ce, "Don Allah miƙa wa wance wannan ƙullin." A ja masa kunne kada ya karɓi komai daga kowa, ko da dattijuwa ce mai carbi. Ba a manta da wata ɗaliba da aka tsare a Saudiyya daga ƙarshen 2018 zuwa Afrilun 2019 ba, saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba. Ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba ka, su yi daidai da yawan jakunkunansa.

A jakar bayansa a sa rigar sanyi, ɗan abin taɓawa da maganinsa in yana sha. Lambar wayarka kuma a rubuta ta a takarda a sa masa a aljihu, ya kuma haddace ta kafin ranar tafiya, don cajin waya na ƙarewa.