Ƙara wa mota ƙarfi da sufacaja: abin da ya kamata ka sani kafin ka kashe kuɗinka

Idan ka taɓa ganin Marsandi da aka rubuta Kompressor a bayanta, ko Range Rover mai tambarin Supercharged, to ka ga motar da ta fito daga kamfani da sufacaja a jikinta. A Amurka da Turai da Ostireliya akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙera wannan na'ura don a ɗora wa motar da ba ta zo da ita ba. Suna haɗo ta da sauran kayan ɗaurawa a kwali ɗaya. Sai dai mai saye yakan ruɗe, domin iri-iri ne, kuma kowane kamfani nasa yake yabo.

Mece ce sufacaja, kuma yaya take aiki?

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur, fetur kuwa ba ya ci sai da iska. Ƙara zuba mai ba wuya. Iskar ce ke da iyaka, domin abin da fistin ya zuƙo shi ne kaɗai rabon inji. Sufacaja famfon iska ce, aikinta irin na zugazugin maƙeri: tana danna iska cikin inji fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa, sai a ƙara mai daidai da iskar, wuta ta ƙara ƙarfi.

Bel ne ke juya ta daga karanshaf, wato sandar da ke juyawa a ƙasan inji. Nan ta bambanta da turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa. Shi ya sa turbo yakan ɗan yi jinkiri kafin ya farka, ita kuwa sufacaja kana taka totur tana amsawa. Amma ba kyauta take aikin ba, daga ƙarfin injin take cin nata. Dodge Hellcat ta 2015 tana ba da ƙarfin doki 707, sufacajarta kaɗai tana cinye wajen doki 80 idan aka take mota sosai.

Ana auna matsin iska da ma'aunin psi ko bar. Iskar da ke kewaye da mu a bakin teku matsinta psi 14.7 ne, wato kusan bar 1. Yawancin kayan da ake ɗora wa injin da ba a taɓa cikinsa ba suna ƙara psi 6 zuwa 9. Ƙarin psi 7 yana nufin inji ya sami ƙarin rabin iskar da ya saba samu. A lissafin takarda ƙarfi zai ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, amma a aikace yakan tsaya tsakanin 30 da 45, saboda zafi da abin da na'urar ke ci. Manyan injuna masu ƙwari suna ɗaukar fiye da haka: Ford Mustang GT ta 2018 tana fitowa da doki 460, kayan da Roush da Ford Performance suka haɗa mata suna kai ta 700.

Iri nawa ne?

Uku ne.

Ta farko ita ce Roots, sunan wasu 'yan uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana, waɗanda suka yi rajistar fasahar a 1860 don hura wutar narka ƙarfe. A cikinta akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke juyawa suna kwasar iska suna turawa. A saman inji take zama, kuma tun inji yana juyawa a hankali take ba da cikakken matsi. Kamfanin Eaton ne ke ƙera cikin yawancinsu, su Magnuson da Edelbrock da Roush da Harrop na Ostireliya su yi musu gida da kayan ɗaurawa. Tsofaffin samfurinta suna dafa iska sosai, amma sabon da ake kira TVS ya rage wannan matsala.

Ta biyu ita ce mai tagwayen sukuru, wadda Alf Lysholm ɗan ƙasar Suwidin ya inganta a shekarun 1930. A ido kamar Roots take, sai dai ita a cikin cikinta take matse iskar kafin ta sake ta, don haka ba ta zafafa ta sosai idan matsi ya yi yawa. Whipple da Kenne Bell ne suka yi suna a kanta. Ƙirarta na buƙatar awo mai tsanani, shi ya sa take da tsada.

Ta uku mai farfela ce, wadda ake kira santirifugal. Ƙaramar farfela ce ke juyawa sau dubbai goma-goma a minti ɗaya tana watsa iska. A gefen inji ake ɗaura ta. Matsinta yana hawa ne tare da juyin inji: a ƙasa da kyar za ka ji bambanci, a sama kuwa ta fi kowace zafin nama. Vortech da ProCharger da Paxton da Rotrex na Denmak ne manyan masu yin ta.

To wacce za ka zaɓa?

Idan motarka mai nauyi ce, jif ko a-kori-kura da ke jan kaya ko hawa tudu, kana buƙatar ƙarfi tun daga tashi, don haka Roots ko mai sukuru ta fi dacewa. Idan ƙaramar mota ce ta filin tsere da ake take ta har ƙarshe, mai farfela ta fi, kuma ta fi tausaya wa giyabos a lokacin tashi.

Sau da yawa ma motar ce ke yi maka zaɓin. Kowane kwali an yi shi ne don wani inji na wata shekara. Mustang da Camaro da F-150 da Tundra da Tacoma da Toyota 86 suna da kaya a kasuwa birjik. Corolla ko Camry ta yau da kullum da wuya ka samo mata na kirki. Duk wanda ya ce maka nasa yana shiga kowace mota, ka riƙe kuɗinka. Haka ƙananan fankokin lantarki masu araha da ake tallatawa da sunan sufacaja: ba sa iya matse iskar da inji zai ji. Ta lantarki ta gaskiya, irin wadda Audi ta sa a SQ7 a 2016, sai da aka yi mata tsarin wuta na musamman mai bolt 48.

Ka kuma duba abin da ke cikin kwalin. Akwai cikakke, mai ɗauke da manyan nozul na feshin mai, da na'urar sanyaya iska da ake kira intakula, da manhajar da za a sa wa kwamfutar mota. Akwai kuma wanda aka yi don ƙwararru, ba nozul ba manhaja. Ya fi araha, amma sabon shiga ya guje shi.

Ina ruwan sansa da wannan aiki?

Nan ne inji ke tsira ko ya mutu. Motar zamani tana da kwamfuta, ECU, wadda ke yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ba ta ganin komai da kanta. Ƙananan na'urorin awo da ake kira sansa ne ke kai mata rahoto. Idan ka ƙara iska amma sansa ba ta iya auna ta ba, kwamfuta za ta ba da man da bai isa ba, wuta ta yi zafi fiye da kima, fistin ya narke.

Hanya biyu ake bi wajen sanin yawan iska. Ta farko ita ce sansar MAF, da ke cikin bututu bayan matatar iska. Wata siririyar waya ce ake zafafawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan ake gane nauyin iskar. Awonta kai tsaye ne, shi ya sa take bin sauyin yanayi ba tare da wahala ba. Matsalarta tana da iyakar da take ƙurewa. Idan iska ta wuce nan, sai a sa ta a bututu mai faɗi ko a sauya ta da babba, sannan a sake koya wa kwamfuta sabon awon. Ba ta son ƙura, ba ta son man da ake shafa wa wasu matatun iska, kuma ko ƙaramar yoyo aka samu a bututun bayanta lissafi ya ɓaci.

Ta biyu ita ce sansar MAP, mai auna matsin iska a cikin hanyar shiga inji. Da matsin, da zafin iska, da saurin juyin inji, kwamfuta take lissafo yawan iskar. Motocin Dodge da Jeep da tsofaffin Honda haka suke aiki. Wadda ke zuwa da motar da ba ta da turbo yawanci mai bar 1 ce, wato iyakarta matsin iskar waje, ba ta ganin ƙarin da sufacaja ta kawo ko kaɗan. Mai bar 2 tana auna ƙari har kusan psi 14, mai bar 3 har kusan 29. Kada ka ce bari ka sayi mafi girma don ka huta. Duk a cikin bolt 5 suke ba da rahoto, don haka mai faɗin awo ba ta kama ƙananan sauye-sauye da kyau. Mai neman psi 8, bar 2 ta ishe shi. Kuma ko wacce ka sa, dole a shigar da ma'auninta a kwamfuta, in ba haka ba mota ba za ta ma tsaya a silo ba.

Wacce ta fi? Ga motar hawa ta kullum mai matsakaicin matsi, ka bar tsarin da mota ta zo da shi, ka sa sansar da mai kayan ya ambata. Komawa MAP zalla na masu neman matsi mai yawa ne, kuma duk sauyin da aka yi wa inji sai an sake saiti.

Akwai wasu sansa uku da ba a wasa da su. Sansar zafin iska a motoci da yawa tana haɗe da MAF, wato kafin sufacaja. Matse iska yana zafafa ta, don haka kwamfuta za ta ɗauka iska mai sanyi ce ke shiga alhali mai zafi ce. Dole a mayar da ita bayan intakula. Sai sansar oksijin da ke jikin salansa, mai duba yadda mai ya ƙone. A tafiya ta yau da kullum ana haɗa iska kilo 14.7 da fetur kilo 1, amma idan matsi ya hau ana ƙara mai har awon ya sauko wajen 11.5 zuwa 12 don a sanyaya wutar. Tsohuwar sansar oksijin ba ta san komai ba sai "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan". Mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9, ita ce ke faɗin ainihin lambar, kuma babu saitin kirki sai da ita. Ta ƙarshe sansar ƙwanƙwasa ce, mai sauraron ƙarar da ke fita idan mai ya fashe da kansa a cikin silinda ba bisa tsari ba. Tana ji, kwamfuta za ta jinkirta wutar fulogi. Mai saitin da ya ce zai kashe ta don mota ta ƙara gudu, ɗauke motarka daga garejinsa.

Shin zai yi aiki da manmu da zafinmu?

Wannan ce tambayar da ta fi shafar mai mota a Kano ko Maraɗi. Fetur yana da lambar oktan, wadda ke nuna yadda yake jure matsi kafin ya fashe da kansa. Manhajar yawancin kayan Amurka an tsara ta ne don mai lamba 91 ko 93 a lissafinsu, wato kusan 95 zuwa 98 a lissafin RON da yawancin duniya ke bi. A gidajen man Najeriya galibi iri ɗaya ake sayarwa, ba a rubuta lamba a jikin famfo ba, kuma ƙa'idar ƙasar tana wajen RON 91 ne. Ga kuma batun inganci: a farkon 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da kima, ya lalata motoci a Legas da Abuja.

Ka haɗa da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Iska mai zafi da mai mai ƙarancin oktan su ne ke haifar da ƙwanƙwasa, ita kuma ke kai inji ga bugawa. Mafita ita ce rage matsi ta hanyar sa babban fuli, wato wilin da bel ke juyawa, a bakin sufacaja, da sa intakula mai kyau, da saiti na musamman don man da kake sha. Ƙarfin da za ka samu ba zai kai na talla ba.

Kafin duk wannan, duba lafiyar motar. Da yawa daga motocinmu an cire musu tamostat, an fasa an kwashe abin tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, fitilar gargaɗin inji na kunne shekara da shekaru. Irin wannan mota rahoton ƙarya kwamfutarta ke samu tun kafin a ɗora mata komai. A gyara waɗannan, a auna matsin kowace silinda tukuna.

Nawa ake kashewa?

A Amurka cikakken kaya na ƙaramar mota yakan kama daga dala 4,000 zuwa 6,000, na manyan injuna masu silinda 8 kuwa daga 6,000 zuwa 10,000. Ɗaurawa aikin yini ɗaya zuwa biyu ne ga ƙwararre. Sansar MAP ba ta cika wuce dala 150 ba, agogon oksijin mai faɗin awo kuma wajen 200. Saiti a kan daino, wato gangunan ƙarfe da ake ɗora mota a auna ƙarfinta tana tsaye, wasu ɗaruruwan daloli ne. Kai da ke nan sai ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan. Bayan nan akwai kuloci ko giyabos da ka iya gazawa, da birki da tayoyi da dole su dace da sabon gudun. Shan mai kuwa, idan kana tafiya a hankali ƙarin kaɗan ne, idan ƙafarka na da nauyi za ka ji a aljihu.

Sansa ce mafi araha a jerin nan, kuma ita aka fi yin jabunta. Araha ba ta ado: ka sayi ta Bosch ko Denso ko ta kamfanin motar daga hannun da ka amince da shi.

Doka da garanti fa?

A Kalifoniya ba a yarda a hau titi da irin wannan kaya ba sai yana da lambar amincewar hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, CARB. Ko ba ka zaune can, kayan da ke da lambar sun fi kwanciyar hankali, domin an gwada su da manhajarsu. Idan motarka sabuwa ce, kamfani zai iya ƙin gyara injin da ya lalace saboda abin da ka ɗora. Ka kuma sanar da kamfanin inshora.

Idan ba ka da mai saitin da ya iya karanta rahoton sansa, ko ba ka da tabbacin man da za ka riƙa sha, kada ka ɗora wa motarka sufacaja. Wadda ta zo da ita daga kamfani, da injin da aka gina don ya jure ta, ta fi maka sauƙi da arha.