Yadda Za A Sa Ɗan Inji Ya Riƙa Juyawa Bai Ɗaya

A garuruwa da yawa yara sukan ciro ɗan inji daga cikin matacciyar rediyo ko motar wasa. Sukan maƙala masa fiffike na gwangwani, su haɗa shi da batir, ya zama fanka. Da farko fankar tana gudu kamar za ta tashi sama. Jim kaɗan sai ta riƙa ja da baya, har ta tsaya. Sai a ce inji ya mutu, a yar da shi. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau. To, bari mu duba dalili, don kada a yi ta ɓarnar kuɗi.

Abin Da Ke Juya Shi

A cikin ɗan injin nan akwai sanda wadda aka naɗe da siririyar waya ta jan ƙarfe. A gefenta akwai mayen ƙarfe. In lantarki ya bi ta cikin wayar, sai mayen ƙarfe ya tura ta, sanda ta juya. Wani mutumin Ingila mai suna Maikel Faraday shi ne ya fara nuna lantarki yana juya waya, a shekarar 1821.

Ƙarfin da batir ke tura lantarki da shi ana auna shi da bolt. Duba jikin batirin tocila, za ka ga an rubuta 1.5V. Watau ƙarfinsa bolt ɗaya da rabi ne. In aka jera biyu, kan wannan a gindin wancan, sun zama bolt 3. Huɗu kuwa bolt 6. In bolt ya ƙaru, gudun inji ya ƙaru. In ya ragu, gudu ya ragu.

Dalili Biyu Na Raguwar Gudu

Na farko, batir ba ya zama da ƙarfinsa. Ka cika ganga da ruwa, ka huda ta kusa da gindi. Ruwa zai yi tsartuwa da nisa. Yadda ruwan ke raguwa, haka tsartuwar ke dawowa kusa, har ta koma ɗigo. Haka batir yake. Sabo yana ba da bolt 1.5, amma in ya sha aiki sai ya sauko wajen bolt 1. Ka ga batir huɗu sun faɗo daga 6 zuwa 4 ke nan. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi, gudun inji ma ya ragu kusan haka.

Na biyu, nauyin aiki. Jakin da aka labta wa kaya ba ya tafiya kamar wanda ba kome a bayansa. In fiffike ya yi girma, ko ƙura ta shiga bakin sanda, inji zai rage gudu, ya kuma ƙara shan batir.

Mataki Na Farko: Zaɓen Batir

Babban batirin tocila da ƙaramin na agogon bango duk bolt 1.5 ne. Amma babban ya fi daɗewa kafin ya sauko, kamar yadda babbar ganga ta fi daɗewa tana tsartuwa. Akwai kuma batir irin wanda ake yi wa caji, mai rubutun 1.2V. Shi yakan tsaya kusa da ƙarfinsa har sai ya kusa ƙarewa. Wannan mataki yana rage matsala, amma ba ya kawar da ita.

Mataki Na Biyu: Mai Tsaron Ƙofa

Mu koma ga ruwa. A ce babbar ganga tana zuba cikin ƙaramar tukunya mai huda a gindi. Wani yana tsaye, yana lura kada ruwan tukunya ya wuce zane ɗaya, kada kuma ya gaza. Tsartuwar tukunya ba za ta sake ba, muddin akwai ruwa a ganga.

A lantarki ma akwai irin wannan mai tsaron ƙofa. Masu gyaran rediyo suna da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, an rubuta 7805 a jikinsa. In aka ba shi bolt 9 ko 12, bolt 5 zai fitar. Amma yana bukatar wajen bolt 7 ko fiye kafin ya yi aikinsa. Rarar kuwa zafi take zama, saboda haka akan ɗaure shi a jikin ɗan ƙarfe don ya huce. Cajar wayar hannu irin ta cikin mota ita ma haka take. Tana karɓar bolt 12, tana ba da 5, kuma ba ta ɓarna kamar wancan.

Dokar ita ce: ka fara da ƙarfin da ya fi bukata, mai tsaron ƙofa ya rage shi. Ka tabbata dai injinka mai ɗaukar bolt 5 ne.

Mataki Na Uku: Linzami

Mai tsaron ƙofa batir kaɗai yake lura da shi. Bai san nauyin aiki ba. Wannan sai linzami, watau abin da ke jin gudun inji, ya ƙara masa wuta in ya yi sanyi, ya rage in ya yi gaggawa. Jems Wat ya sa irinsa a injin tururi a shekarar 1788.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a shekarar 1963. Zaren kaset dole ya yi tafiyar santimita 4.76 cikin kowace daƙiƙa, in ba haka ba murya ta lalace. Don haka yawancin injunan da ke jan kaset da linzaminsu a ciki. Wanda ya sami irin wannan ya huta. Ya ba shi bolt ɗin da aka rubuta a jikinsa, 6 ko 9 ko 12. Ya haɗa + da +, − da −, gama in aka juya wayoyin linzamin yana iya ƙonewa.

In kana so ka san ko gudu ya sake, kasa kunne. In ƙarar inji ta yi ƙasa, gudu ya ragu.

Gargaɗi

Kada a haɗa ɗan injin nan da wutar bango. Tana kisa. Kada a bar waya ɗaya ta taɓa kan batir da gindinsa, za ta yi zafi ta ƙona hannu. Kada a gauraya sabon batir da tsoho. Kada a yi wa batirin tocila caji, ko a jefa shi a wuta. In inji ya cije, a cire waya nan da nan. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Batirin tocila shida a jere, bolt nawa ke nan?
2. Me ya sa babban batir ya fi ƙarami daɗewa?
3. Mene ne bambancin mai tsaron ƙofa da linzami?